Na'urar auna oksijin a cikin tsoka: ta ci kuɗinta a ranar Gombe?

Bari in fara da hukuncin, don mai sauri ya kama gabansa. Na'urar nan da ake mannawa a cinya ta nuna yawan iskar oksijin da ke cikin tsoka tana aiki, babu rufa-ido a cikinta. Sai dai lambar da take rubutawa ba ta da wani amfani ita kaɗai. Abin dubawa shi ne inda lambar ta dosa, sama ko ƙasa, da irin saurin da take tafiya. Wanda ya saye ta don ya riƙa gwada lambarsa da ta abokinsa, ya zuba kuɗinsa a kwata.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a nan Gombe. Da yamma ina horar da samari masu gudun dogon zango a filin Pantami, ranar Asabar kuma bayan asuba in hau keke in miƙa hanyar Dadin Kowa, wani lokaci in juyo daga Kwadon in ƙafa ta ƙi. Na'urar ta hannu ce, ƙanena da ke karatu a waje ya sayo mini wurin wani mai tseren keke da ya gaji da ita. Na yi aiki da ita tun cikin hunturu har zafin bazara ya shigo tare da azumi. Sanannun irinta a kasuwa su ne Moxy da ake ƙerawa a Minisota ta Amurka, da Train.Red da PortaMon na ƙasar Holan. Tawa ba zan faɗi sunanta ba, ba talla na zo yi ba, ba kuma ƙara na kawo ba.

Tana shiga tafin hannu, ba ta da nauyi, maɓallinta ɗaya. Idan ka kifa ta za ka ga ƙananan tagogi a cikinta: ɗaya na fitar da haske, sauran na karɓarsa. Wannan gefen ake liƙawa a fata, galibi a bangon cinya ta waje, wajen tsakiya tsakanin gwiwa da kwankwaso, a ɗaure da filasta. Ita kuma tana aika abin da ta gani zuwa waya ta Bluetooth, ko zuwa agogon gudu irin na Garmin ta ANT+, wata hanyar haɗi ta iska mai kama da Bluetooth. Lamba biyu take bayarwa. Babbar ita ce SmO2, daga 0 zuwa 100, wato kashi nawa na sinadarin da ke ɗaukar oksijin a wannan gurbin na tsoka ne ke ɗauke da shi a yanzu. Ta biyun ƙiyasin yawan jinin da ke gurbin ne, ko yana ƙaruwa ko yana raguwa.

Duk wanda ya taɓa ɗora tocila a tafin hannunsa cikin duhu ya ga yatsunsa sun yi jajir ya riga ya ga tushen aikin. Jan haske yana ratsa nama. Akwai kuma wani hasken da ke gaba da ja kaɗan, wanda ido ba ya gani, infirared na kusa, mai tsawon zango wajen nanomita 700 zuwa 900 (nanomita ɗan ƙanƙanin ma'auni ne da ake bambanta ire-iren haske da shi), shi ya fi ratsawa. Himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, yana shanye wannan hasken, amma yadda yake sha ya danganta da ko yana ɗauke da oksijin. Wanda ya sauke oksijinsa ya fi shan hasken wajen nanomita 760, mai ɗauke da shi ya fi shan na wajen 850, a kusa da 800 kuwa shansu ɗaya. Sai na'urar ta harba haske iri-iri, ta auna abin da ya dawo daga kowanne, ta yi lissafi. Akwai kuma mayogulobin, ɗan'uwan himogulobin da ke zaune a cikin ƙwayoyin tsokar kanta. Haske ba ya iya raba su, don haka lambar da kake gani ta su biyun ce a haɗe.

Fasahar ta girmi yawancin yarana. A 1977 Frans Jöbsis na Jami'ar Duke a Amurka ya wallafa binciken da ya nuna ana iya leƙa oksijin na ƙwaƙwalwa da wannan haske ba tare da an tsaga jiki ba. Wanda ya ja ta zuwa fagen wasanni sosai shi ne Britton Chance na Jami'ar Fensilbaniya, wanda a 1992 shi da abokan aikinsa suka auna cinyoyin gwanayen tseren kwalekwale don ganin yadda oksijin ke dawowa bayan sun jigata. Mutumin da kansa ɗan wasa ne, ya ci zinare a tseren jirgin ruwa mai tafiya da iska a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952. Abin da ya canja a 'yan shekarun nan girma ne da farashi, daga akwatin ɗakin bincike mai wayoyi zuwa abin da za ka cusa a ƙarƙashin gajeren wando.

Uwargida ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta karɓi zancen da wuri ba. "Malam, ai wannan muna da shi a asibiti, a yatsa ake maƙalawa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba." Sai muka gwada. Na hau keken da na kafe a tsakar gida, na taka har numfashina ya fara fita da ƙara, ta maƙala mini nata a yatsa. Nata ya ce 97. Ta cinyata a daidai lokacin tana wajen 30. Dukansu gaskiya suka faɗa. Na yatsa yana bin bugun jijiya ne ya auna jinin da ya fito daga huhu, kafin jiki ya taɓa shi, kuma a mai lafiya yakan zauna tsakanin 95 da 100 ko yana kwance ko yana gudu. Ta cinya tana duba ƙananan hanyoyin jini ne a cikin tsoka, inda ake cinye oksijin ɗin.

Yadda nake yi wa yarana bayani shi ne da randa. Mai garuwa yana zubawa, mutanen gida suna ɗiba. In zubin ya fi ɗiban, ruwa ya hau. In sun yi daidai, ya tsaya a inda yake, ko da a rabin randa ne. In ɗiban ya fi, ya yi ta sauka. Zuciya da huhu su ne masu zubi, tsoka ita ce mai ɗiba, na'urar kuma matakin ruwan kawai take nuna maka. Ba ta gaya maka ko garuwa nawa aka zuba.

Da wannan a ka, layin da ke tafiya a fuskar waya yakan fara magana. Ina zaune, tawa takan tsaya wajen 65. Da na fara taka keke sai ta faɗi cikin daƙiƙoƙi, sannan in tafiyar mai sauƙi ce ta sake hawa a hankali, har ta wuce inda ta faro, saboda hanyoyin jini sun buɗe. In na ƙara ƙarfi, ta sauka zuwa wani mataki ta miƙe. Wannan miƙewar ita ce alamar jiki yana biyan abin da tsoka ke nema, kuma zan iya riƙe wannan takun na tsawon lokaci. In na sake ƙarawa, akwai inda layin ke daina miƙewa, ya yi ta gangarawa ba tsayawa. Daga nan mintoci kaɗan suka rage mini, ko na yarda ko ban yarda ba. Na ga wannan ƙarara a hawan da ke fita gari ta wajen Tumfure: ƙafa ba ta fara kuka ba tukuna, amma layin ya riga ya karye, kuma da na sauya giya na rage kaɗan sai ya tsaya.

Inda ta fi ɗamarar auna bugun zuciya, wadda ake ɗaurawa a ƙirji, shi ne sauri. Bugun zuciya yana da jinkiri. Yaro zai fita a guje na mita 200, ya kusa isa kafin zuciyar ta kai inda ya kamata, bayan ya tsaya kuma tana ci gaba da dukan ƙirji. Ga zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da garin nan ke kaiwa digiri 40, bugun zuciya yana hawa ne ko ba ka ƙara sauri ba, domin jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, gumi kuma yana rage ruwan jini. Da azumi, kafin buɗa-baki, abin ya fi haka. Ita kuwa na'urar cinya tana amsawa ne nan take, daga tsokar da ke aikin.

Wurin da na fi cin moriyarta, wanda shi kaɗai ya sa ban mayar da ita jaka ba, shi ne hutu tsakanin zagaye. Duk koci a ƙasar nan da agogo yake ba da hutu: a yi mita 400, a huta minti ɗaya da rabi, kowa da kowa. Na riƙa ɗaura wa yaran na'urar ɗaya bayan ɗaya, rana daban-daban. Wani siririn yaro daga Kaltungo, kafin minti ɗaya layinsa ya koma inda ya faro har ya ɗara. Wani kuma, ƙaƙƙarfa mai saurin tashi wanda ya baro ƙwallo ya dawo gudu, minti biyu ba sa isarsa, kuma kowane zagaye daga ƙasa yake farawa fiye da na baya. A zagaye na biyar ya zama abin tausayi. Da na ba shi hutu har layinsa ya dawo, sai ya gama duka zagayen da saurin da nake so. Ya dube ni yana haki ya ce, "Koci, ashe ba ragwanci ba ne." Na ce masa ragwancin ma yana nan, amma ba a wannan wurin ba.

Akwai kuma alamar tsayawa. In yaro ya kai inda layinsa ya daina sauka sosai lokacin gudu, ya kuma daina hawa sosai lokacin hutu, atisayen ranar ya ƙare, abin da zai biyo baya gajiya ce kawai. Gogaggen koci yana ganin wannan a kafaɗun yaro da yadda ƙafarsa ke dukan ƙasa. Amfanin layin shi ne yaron ma yana gani, sai musu ya ragu.

Ɗumama jiki ma ta gyara mana shi. Da safiyar hunturu, zagaye biyu na sassarfa da 'yar miƙa ba sa ɗaga layin ko kaɗan. Sai an yi kamar minti goma sha, an saka gajerun tsere biyu ko uku a ciki, sannan ya hau sama da na zama ya tsaya. Daga nan ake shiga aikin gaske.

Masu amfani da irin wannan na'ura suna da wani gwaji da suke kira biyar-ɗaya-biyar: minti 5 na aiki, minti 1 na hutu, a maimaita minti 5 a ƙarfi ɗaya, sannan a ƙara ƙarfi a sake. Na yi shi a keken gida. Yana da amfani wajen gano takun da layinka ke karyewa, wanda yakan zo kusa da abin da gwajin laktet ke nunawa, wato wanda ake huda yatsa ko kunne a ɗiga jini a kan 'yar takarda don auna sinadarin da ke taruwa a jini in aiki ya tsananta, kodayake ba a kowane mutum suke dacewa ba. Fa'idar a nan babu allura, babu sayen takardun gwaji a kai a kai. Amma fassarorin da wasu ke ɗorawa a kai, wai daga layi biyu za ka san ko huhunka ne ke tauye ka ko zuciya ko tsoka, na ɗauke su da taka-tsantsan. Gurbi ɗaya ne na tsoka ɗaya ake kallo.

To, ga inda gizo ke saƙa.

Rana. Hasken rana cike yake da infirared, kuma ranarmu ba ta wasa. In filasta ya ɗan ɗaga, haske ya kutsa ta gefe, layin sai ya haukace, ya yi tsalle daga 40 zuwa 90 ya dawo, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Murfin robar da ya zo da ita bai daɗe ba ya saki. Abin da ya yi mini magani tsohuwar baƙar safa ce mai kauri da na yanke na zura a cinya a kan na'urar, sannan wando mai kama jiki a sama. Farin wando mai shara-shara ba ya tare komai.

Filasta kuma shi da gumi ba sa ga maciji. Da hunturu matsalar ta juya: kowa ya shafe ƙafa da basilin saboda kaushi, filasta ba ya kamawa sam. Dole a wanke gurbin da sabulu, a tsane, mai gashi ya aske. Kada kuma a ɗaure tamau da bandeji, don matsi yana korar jini daga wurin ya ɓata awon. Tagoginta suna tara ƙura, a riƙa gogewa. Sannan gurbin mannawa ya zama ɗaya kullum. Matsar da ita da faɗin yatsa biyu yana iya canja lambar, haka cinyar hagu da ta dama ba sa ba da abu ɗaya. Ni da alƙalamin maka nake zana wurin.

Babbar matsalar kitse ce. Hasken ba ya nitsawa da nisa, zurfinsa kamar rabin tazarar da ke tsakanin tagar da ke fitar da shi da wadda ke karɓa. A ƙananan na'urorin nan tazarar ba ta wuce milimita 25 zuwa 40 ba, wato zurfin santimita ɗaya da 'yan kai zuwa biyu. Fata da kitse ne ke gaba, tsoka tana baya. In kitsen ya yi kauri, yawancin hasken a cikinsa yake yawo ya dawo, kitse kuwa ba ya cin oksijin kamar tsoka. Wani abokina ɗan kasuwa da ke bin mu a keke don rage tumbi ya roƙa a ɗaura masa. Lambarsa ta tsaya a 80 da ɗoriya, yana haki kamar ransa zai fita, ita ko gezau. Ya ce, "Malam, ka gani ko? Na fi yaranka iska." Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, amma ba ta kai ga naman ba tukuna." Wannan ne ya sa gwada lambar mutum biyu shirme ne. Mata ma, da yake kitsen cinyarsu yakan fi na maza kauri, lambarsu takan fito sama kuma ba ta motsi sosai. Hanyar dubawa mai sauƙi: tsunkule fatar wurin da yatsa biyu, rabin kaurin da ka kama shi ne abin da haske zai ratsa kafin ya isa tsoka. In ya doshi santimita ɗaya, nemi wani gurbin, kamar sha-raɓa.

Sai launin fata, zancen da takardar da ke cikin kwalin ba ta ko taɓa ba. Melanin, sinadarin da ke sa fatarmu duhu, shi ma yana shan wannan hasken, musamman gajerun zangon da ke kusa da ja. Hasken da ke dawowa sai ya ragu. Ba sabon abu ba ne a na'urorin haske: a Disambar 2020 masu bincike na Jami'ar Mishigan sun nuna cewa na'urar yatsa ta asibiti tana kasa gano ƙarancin oksijin a marasa lafiya baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Ta cinya ba irinta ɗaya ba ce, amma ta fata ɗaya hasken ke bi. A wurina, yaran da suka fi duhu su ne layinsu ya fi yawan tsinkewa da zarar filasta ya motsa. In an manna da kyau, hawa da saukar suna fitowa daidai, kuma su ne abin buƙata. Zafi ma yana da nasa: jinin da ke cika fata lokacin da jiki ke neman hucewa yana shiga lissafin, don haka awon safiyar Janairu da na yammacin Afrilu ba a jera su wuri ɗaya.

Batir yana kai ni Dadin Kowa ya dawo da ni, da saura. Cajinsa ba ya cin wuta, ƙaramin fawa-bank ya isa. Manhajar ce ta fi ba ni haushi: Turanci zalla, gajerun haruffa ba bayani, kuma wasu shafukan ba sa buɗewa sai da intanet, abin da ba ka da tabbacinsa da ka bar gari. A wasan ƙwallo na gwada ta sau ɗaya na janye, tun kafin wani ya sa mata takalmi.

Dole in faɗi wannan da babbar murya, domin an tambaye ni fiye da sau ɗaya: ba na'urar asibiti ba ce. Lambarta ta biyu ba gwajin ƙarancin jini ba ce. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, ya tashi yana haki a ɗan gudu kaɗan, gwajin jini yake buƙata. Mai sikila, mai asma, mai jin ciwon ƙirji ko jiri in ya yi gudu, likita zai gani, komai kyan layinsa.

Kuɗi fa? Sabuwa, ko da mafi araha daga cikin sanannun, ɗaruruwan daloli ce, kafin kuɗin aikowa. A canjin yau, kuɗin da zai saya wa ƙungiya guda takalman gudu ne. Ga mai fita sassarfa bayan asuba don hawan jini ko suga, ba ta da wani abin da za ta ƙara masa, agogo mai arha da iya magana yana tafiya sun ishe shi. Ga matashin ɗan tsere mai kuɗi ƙalilan, ɗamarar bugun zuciya da abinci mai kyau sun fi masa. Inda ta dace shi ne a hannun wanda zai yi wa mutane da yawa aiki da ita: ƙungiyar gudu ko ta keke, sashen koyar da motsa jiki na kwaleji ko jami'a, ko mai gashin ƙashi na asibiti da ke mayar da 'yan wasa fili bayan rauni. Guda ɗaya ta isa mutum ashirin, tunda ba kullum kowa ke buƙatarta ba. Kowa a auna shi, a rubuta nasa, bayan wata biyu a sake aunawa a gurbi ɗaya, a lokaci ɗaya na yini.

Wanda zai sayi ta hannu, kada ya biya sai ya gwada a jikinsa, a waje, cikin rana. A manna ta a naman hannu ƙasa da gwiwar hannu, a rufe da baƙin ƙyalle, a zauna har lambar ta natsu. Sannan a ɗaura abin awon hawan jini a damtse, a hura shi ya wuce lambar sama ta awon hawan jininka sosai, a riƙe kamar minti biyu, da ma'aikacin lafiya a kusa. Mai sikila, mai hawan jini ko matsalar daskarewar jini kada ya yi wannan, ya sa wani mai irin launin fatarsa ya yi. Lafiyayyar na'ura za ta nuna layin yana gangarawa a hankali ba tsalle-tsalle, da an saki iskar kuma ya harba sama cikin daƙiƙoƙi, ya wuce inda ya faro, sannan ya dawo. In ba ta yi haka a fatarka ba, mayar wa mai ita kayarsa.